Solar da Inna Ta Ɓoye a Gangar Banda

Shekarar da azumi ya faɗo mana a tsakiyar bazara, ina Nguru ina koyarwa a firamare, Inna kuma tana Gashuwa ita kaɗai a gidan da mahaifinmu ya bari. Mun yi da ita ta dawo wurinmu har mun gaji. Ta ce ba za ta bar gidan da take jin ƙamshin kogi daga tsakar gidansa ba. Na ce mata ai Nguru ma akwai ruwa, ta ce wannan tafki ne, ruwan da ba ya zuwa ko'ina. Mahaifinmu masunci ne, ita kuma ta yi shekaru tana bandar kifin da yake kamowa, don haka na san ba gardama ce kawai ba. Sai na koma zuwa dubata duk Asabar ta biyu.

Abin da ya dame ni shi ne zafi. A unguwarsu sai a yi kwana uku ba a kawo wuta ba, in an kawo kuma kafin ka ɗora wayarka a caji an ɗauke. Fankar da ke rataye a ɗakinta ta daɗe ba ta juya ba har zanzaro ya yi gida a kanta. Wata Asabar na same ta bayan azahar kwance a ƙasa, ta jiƙa zane ta lulluɓa, mafici a hannu. Ta ce lafiyarta ƙalau, haka ta saba. Amma na ga yadda leɓenta ya bushe, na dawo gida raina ba daɗi.

Maigidana hatsi yake sayarwa a kasuwar Nguru. Iyayensa daga Kano suka zo tun zamanin da jirgin ƙasa ke kawo kaya, kuma mutum ne mai son labari da son sabon abu. Na faɗa masa halin da na bar Inna a ciki. Bayan kwana biyu ya shigo da kwali a kafaɗa. A ciki akwai farantin sola mai naɗewa biyu, bai fi faifan tankaɗe uku a jere ba in an buɗe shi, da wani ƙaramin akwatin batir mai mariƙi, da fanka ta tsaye da ƙwan fitila biyu. Ba sai an hau rufi an kafa ba, ba sai an kira mai gyaran wuta ba. Ka shimfiɗa farantin a rana, ka soka wayarsa a akwatin, ka soka fanka a ɗaya ramin, shi ke nan.

Ni na kai mata. A tasha direba ya so ya ɗaure kwalin a but tare da buhunan gero, na ce a'a, a cinyata zai zauna. Haka muka kama hanya, ƙafata ta yi tsami tun kafin Jajimaji, mutanen cikin mota kuma kowa ya zama masanin sola. Wani ya ce in rana ta yi yawa fashewa take. Wata mata ta ce ƙanwarta tana da irinta, har talabijin take ɗauka. Wani dattijo da ke gaba ya juyo ya ce shi dai bai yarda da wutar da ba ta da hayaƙi ba kuma ba ta da ƙara.

Inna ta zagaya kayan sau biyu, hannu a baya. Tun da na fara koyarwa take kirana Malama, rabi girmamawa rabi tsokana.

"Malama, wannan kuma me za a riƙa ba shi ya ci?"

"Rana kawai, Inna."

"Rana? Babu mai, babu gawayi?"

"Babu."

"To ai mu Allah ya ba mu ita har ta yi mana yawa. Shimfiɗa mu gani."

Na shimfiɗa a tsakar gida, na haɗa. Kafin la'asar na kunna fankar na juya ta gabanta. Iskar ta ɗaga mata gefen ɗankwali. Ta rufe ido, can ta ce, "Ki gaishe min da mutumin Nguru. Ki ce na ce Allah ya yi albarka." Haka take kiran surukinta, ba ta taɓa kama sunansa ba.

Daga ranar Inna ta ɗauki farantin nan kamar shanyar kuɓewa. Da hantsi ta fito da shi ta jingina da turmi yana kallon gabas. Rana ta take, ta kwantar da shi a tabarma. Bayan azahar ta matsar da shi kusa da rijiya inda inuwar darbejiya ba ta kaiwa. Tana da wani tsohon ɗankwali da ta ware don goge shi, ba a taɓa komai da shi. Akuyarta guda, wadda a da take yawo yadda ta ga dama, ta koma ɗaure a turke tun ranar da ta taka gefen farantin.

Ba a yi wata ba gidan ya cika. Maƙwabciyarta, wadda katanga ɗaya ta raba su kuma muke kira Goggo, ita ta fara kawo wayarta caji. Daga nan matan layin suka biyo. In na je ranar Asabar sai in tarar da mata biyar ko shida a rumfa, kowacce da tirenta tana tsintar shinkafa, fanka na juyawa tana raba musu iska, wayoyi a jere kan tabarma kamar kifin da aka shanya. Ana Hausa, a juya Badanci, wata ta jefa Barbarci, a kwashe da dariya. Inna da na sani ba ta son hayaniya, ga ta a tsakiya tana tsara wa kowa lokacin cajinta. Har ƙiba ta yi.

Matsalar daga gidana ta taso, ko da yake ban gane haka ba sai daga baya. Wata safiya muna karyawa maigidana yana sauraron rediyo, aka ba da labarin cewa a wata ƙasa mai nisa majalisun wasu jihohi suna tattauna dokar da za ta tsara amfani da irin wannan ƙaramar sola da ake sokawa a gida: wace iri ce za a yarda da ita, da ko mai haya zai iya sa ta ba tare da izinin mai gida ba. Ya ce, "Ikon Allah, har rana ma sai an yi mata doka." Ya shanye shayinsa ya tafi kasuwa. Ranar Talata ce, kasuwa ta cika da baƙi. Na san halinsa, duk wanda ya zauna a bencinsa ranar sai da ya ji labarin.

Bayan kamar kwana goma ya dawo gida da wuri, fuskarsa a ɗaure.

"Kin ji abin da ake ciki kuwa? Wani direban Gashuwa ya faɗa min yanzu. Majalisar jiha za ta yi doka kan sola. Kowace sai an buga mata lamba kamar babur, za a bi gida gida, wadda ba ta da takarda a kwashe."

"Wace majalisar?"

"Tamu mana. Ya ce har haraji za a sa, gwargwadon ranar da farantinka ya sha."

Na ajiye ludayi na dube shi. "Malam, wannan ba labarin da ka ji a rediyo ba ne kwanan baya?"

Ya cire hula ya sosa ƙeya. "Ni dai ban ce tamu ba," in ji shi a hankali. "Na ce majalisar jiha."

Dariya na yi har da hawaye. Labarinsa ne ya hau mota ya je Gashuwa, ya yi ƙiba, ya dawo masa da sabuwar riga bai gane shi ba. Amma shi ma ya kafe cewa wani ya ce ya ji ɗan majalisarsu yana cewa zai kai irin wannan ƙudurin. Ta yiwu gaskiya ne, ta yiwu ba haka ba. Babu wanda ya ga takarda.

Washegari Goggo ta kira ni da wayar mijinta, don tata ta mutu ba caji. "Malama, ki zo ki yi wa Innarki magana. Kwana huɗu ke nan ta tattare kayan nan, ta ce ita ba ta taɓa mallakar sola ba. Ni da nake caji a wurinta kullum take gaya wa haka, ido cikin ido."

Ban jira Asabar ba. Ana tashi daga makaranta na nufi tasha. Na same ta a rumfa ita kaɗai, ta koma ga maficinta, gumi na bin wuyanta.

"Inna, ina fanka?"

"Wace fanka?"

"Haba Inna, ni ce fa."

Ta leƙa ƙofa, ta dawo, ta rage murya. Fankar tana ƙarƙashin gado, an naɗe ta cikin tabarma. Akwatin batir yana cikin babbar kwallar da ke cikin jerenta, an rufe da murfi an ɗora ƙanana a kai. Farantin kuwa, sai ta kama hannuna ta ja ni bayan ɗaki, inda tsohuwar gangar bandarta take tun rasuwar mahaifinmu ba a hura mata wuta ba. Ta ɗaga buhun da ke sama. Ga shi nan a naɗe cikin zanenta na fita unguwa, a tsaye cikin toka da baƙin hayaƙin shekaru.

"Ko sun zo, wa zai ce a duba nan?" in ji ta, tana jin daɗin dabararta.

Na yi mata bayani tun daga rediyo, amma na tsallake bencin kasuwar Nguru, don ban ga amfanin tona wa surukinta asiri ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ke malamar yara ce, ba ki san gwamnati ba. Ni na ga lokacin da aka zo aka ƙirga mana kwale-kwale. Da murmushi suka zo, haraji ya biyo baya."

Da na ga ba zan iya da ita ba, sai na aika a kira Kawu. Ƙaninta ne, shi ne autansu. Ya yi shekaru yana aikin layin wuta, yana hawa falwaya daga Gashuwa har Jakusko kafin ya yi ritaya. Gajere ne, ga ƙarfin murya, kuma shi kaɗai ne a duniya yake iya musu da Inna ya kwana lafiya. Ya iso a kan tsohon kekensa, ya zauna ya sha ruwan randa, na zayyana masa komai. Na zaci zai yi dariya ya ce mata babu wata doka. Sai ya goge baki ya ce:

"Yaya, in da gaske za su yi dokar, ni ina goyon baya."

Inna ta ajiye mafici. "Auta, da bakinka? A zo a kwashe min kayana kana tafi?"

"Ba naki za a kwashe ba. Naki daga faranti sai akwati, daga akwati sai fanka, bai taɓa wayar bango ba. Ko mai dokar ne ya zo sai dai ya zauna ya sha iska. Wasu nake ji wa."

"Su wa?"

"Masu sayen babba, su haɗa waya mai kai biyu, su soka kai ɗaya a akwati, ɗaya a soket ɗin bango, don duk ɗakunan gida su samu. In ba su kashe babban makunnin gida ba, wutar ba ta tsayawa a gidan. Fita take ta bi waya ta hau falwaya. Ma'aikaci ya zo gyara, an ce masa layi a kashe yake, ya kai hannu."

Ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya miƙa mata. Akwai wani tabo fari da ya ratsa tafin daga gindin babban yatsa, mun san shi tun muna yara.

"Wannan ai butar shayi ce ta ƙona ka," in ji Inna.

"Haka na gaya wa tsohuwarmu, don da ta san gaskiya da ta sa na bar aikin. Janareto ne. Wani bawan Allah ya haɗa shi da bangon gidansa, ni ina sama. Ba don igiyar da na ɗaura a ƙugu ba, da ba ki da ƙani yau."

Inna ta riƙe hannun ta daɗe tana kallo. Ta shafa tabon da babban yatsanta kamar yau ya samu. Sai kuma ta ɗaga hannu ta kai masa duka a kafaɗa.

"Shekara nawa kana min ƙarya, marar kunya!"

"Yaya, da zafi fa!"

"Gara ka ji."

Goggo tana bakin ƙofa tun ɗazu, ta shigo jin yadda za ta kaya. Sai na ga ta yi tsuru tsuru. Kawu ma ya lura.

"Lafiya, maƙwabciya?"

"Wato... irin wayar nan mai kai biyu da kake faɗa. Maigidanmu ya sayo babbar sola bayan girbin shinkafa, sai yau ya fito da ita daga kwali. Ina jin irinta ce ya haɗa."

Kawu bai ƙarasa jin zancen ba ya miƙe. Muka bi shi, har da Inna. Mijin Goggo manomi ne mai kirki, ya karɓe mu da fara'a, yana ma alfahari da haɗin da ya yi da hannunsa. Kawu ya zare wayar daga bango ya ɗaga ta sama. Ƙarfunan kan da ya zare tsirara suke, kuma da wuta a jikinsu. Ya kawo ɗan abin gwajinsa mai kama da sukurdireba ya taɓa, ƙwan ciki ya kama ja.

"Alhaji, jikokinka suna rarrafe a ɗakin nan?"

Mutumin ya dafe ƙirji yana salati. Kawu bai yi masa faɗa ba. Ya kashe akwatin, ya nuna masa inda za a sa makunnin da ke raba wutar gida da ta layi, ya ce gobe zai zo ya sa masa da kansa. Wayar kuwa ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya ce ta zama tasa.

Zancen ya kai kunnen Bulama, mai unguwarsu, wanda dama mutane sun ishe shi da tambayar yaushe za a zo kwashe sola. Ya sa aka yi shela a hallara ƙofar gidansa ranar Asabar bayan la'asar. Taron maza ne, amma Inna ta yafa mayafi ta ce za ta.

"Inna, maza ne fa."

"Rabinsu na goya su, sauran na ga ranar sunansu. Ɗauko min kujerata."

Muka zauna a bakin zaure, ni da ita da Goggo da wasu tsofaffi biyu. Bulama ya ce ya tambaya a sama, an ce masa babu takardar da ta iso, babu wanda aka turo, kuma in ma akwai ƙuduri a gaban majalisa, ba a zartar da shi sai an ji ta bakin jama'a. Mutane suka sauke ajiyar zuciya, wasu har sun fara kaɗe riga za su tashi. Sai Kawu ya ce tunda an taru, me zai hana a faɗi abin da ake so dokar ta ƙunsa in ta zo, a rubuta a aika, maimakon a zauna sai ta faɗo wa mutane a ka. Bulama ya ce wannan magana ce. Aka nemi mai rubutu, Inna ta nuna ni da baki. Aka miƙo min littafi da biro ta saman kawunan mutane.

Ban taɓa jin daɗin rubutu irin na ranar ba. Kawu ya fara da tasa: kada kowa ya haɗa sola da wayar bango sai wanda ya san aikin ya duba. Ya fito da wayar mai kai biyu ya ɗaga, bai faɗi inda ya samo ta ba, mijin Goggo kuma ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Wani tela da ke haya ya ce mai gidansu ya hana shi ajiye faranti ko a tsakar gida, wai zai jawo tsawa da damina. Aka yi dariya, amma mai gidan yana wurin, ya miƙe ya ce shi ba tsawa ce ta dame shi ba, wani ɗan haya ne ya taɓa huda masa kwano da ƙusa, ɗaki ya yi ta yoyo. Aka daɗe a kan wannan kafin a tsaya cewa wanda ba zai huda komai ba a bar shi, wanda zai hau rufi ya nemi izini. Wani masunci ya ce shi kukansa da masu sayarwa ne: an sayar masa da akwati mai nauyi, bai yi sati ba ya daina aiki, da aka buɗe rabinsa yashi ne. Ya ce in za a buga lamba, a buga wa mai shago. Nan wurin ya kaure da "Gaskiya ne!"

Sai Inna ta yi gyaran murya. Bulama ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Bulama, Allah ya ja zamaninka. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba. Ku rubuta musu cewa wadda ta shimfiɗa abinta a tsakar gidanta, ba ta taɓa wayar kowa ba, kada a sa ta hawa mota zuwa wani ofis neman takarda. Gwiwoyina ba za su iya ba. In suna son gani, su zo, zan ba su ruwa su sha, su zauna gaban fanka. Amma su yi sallama kafin su shigo, kuma kada su zo da azahar, lokacin nake juya shi."

Aka fashe da dariya har Bulama yana share ido da hannun riga. Ya ce, "Malama, rubuta yadda ta faɗa, kada ki gyara." Na rubuta yadda ta faɗa.

A hanyar komawa gida Inna ta ce min, ba tare da ta dube ni ba, "Ki gaya wa mutumin Nguru, in ya sake jin labari a rediyo ya bari ya huce kafin ya kai kasuwa." Na tsaya cak. Ashe direban da ya kawo zancen Gashuwa ɗan ƙawarta ne, ta san tushen maganar tun kafin in zo. Na ce to me ya sa ta ɓoye kayan? Ta ce don labari ya fito daga bakin surukinta ba shi ne ya zama ƙarya ba. Da na isar da saƙon, maigidana ya yi wata biyu bai yarda ya raka ni Gashuwa ba. Ranar da ya daure ya je, buhun gero ya kai, ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta kansa a ƙasa. Ta amsa da fara'a, ta sa aka juya masa fanka, ba ta tayar masa da zancen ba.

A yammacin taron ne muka fito da farantin daga ganga. Zanen ya tare yawancin tokar, amma sai da muka yi ta gogewa da ruwan ɗumi, kuma ya yi kwanaki yana ƙamshin bandar tarwaɗa in rana ta buge shi. Kuliyoyin unguwa suka riƙa zuwa suna zagaya shi. Matan layin suka dawo da tirensu da wayoyinsu kamar ba a yi komai ba.

Takardar da na rubuta, na sake kwafe ta da kyau, Bulama ya sa hannu ya ba wani ya kai. Har yau ba mu ji amsa ba, dokar ma ba mu gan ta ba. Lokaci lokaci zancen yakan taso, wani ya ce an kusa, wani ya ce an fasa. Amma a unguwar Inna abin da aka faɗa a ƙofar Bulama ya zauna. Duk wanda ya sayo sola, kafin ya buɗe kwali sai ya aika a kira Kawu. Shi kuma ritaya dama ta ishe shi. Yana zagayawa a kekensa da abin gwajinsa a aljihun gaba, ba ya karɓar komai, sai dai babu gidan da zai fita bai ci wani abu ba. Nan burabusko, can soyayyen kifi, gaba kunun gyaɗa. Wayoyi masu kai biyu da ya ƙwace ya tara su a wani tsohon bokiti a zaurensa. Matarsa ta ce min rigunansa duk sun matse shi.

Asabar da ta wuce na tarar da sabuwar rigima. Inna ta ga ƙaramin firji a gidan wata ƙawarta, ta ƙudura sai ta samu, wai za ta riƙa daskarar da zoɓo tana ba matan rumfa. Kawu ya ce farantinta ba zai ɗauka ba, sai an ƙara biyu manya, kuma tsakar gidan ba zai ci su ba sai an rage reshen darbejiya.

"Ba mai taɓa min bishiya. Mijina ya dasa ta."

"To Yaya, ki zaɓa, inuwa ko ƙanƙara."

"Duka nake so."

Ta miƙe ta fara auna tsakar gidan da tafin ƙafarta, daga rijiya zuwa bangon Goggo, tana lissafi da Badanci. Kawu yana biye da ita yana cewa ta yi tsallake. Na bar su a haka, don motar Nguru ta ƙarshe ba ta jiran kowa.